Mai jego ba kayan kasuwa ba ce!

Wani abin takaici da ya zama ruwan dare a gidajenmu shi ne yadda wasu magidanta ke wulaƙanta matansu da zarar sun sauka. An yi suna, an yanka rago, 'yan barka sun watse, sai maigida ya aika ta gidan iyayenta wankan jego, shi ke nan ya sauke nauyi. Ba cefane, ba leƙe. In ta dawo bayan arba'in kuma, maimakon sannu da arziki, sai ya tarbe ta da gori: tumbi ya fito, nono ya zube, fuska ta yi duhu. Wani ma a majalisa yake faɗi, abokai na ƙyaƙyata dariya ana zuga shi ya ƙaro amarya. Inna lillahi!

Wai shin, malam, wa ya zubar da nonon? Ba ɗanka ne ke tsotsa ba? Mahaifar da ta yi wata 9 tana buɗewa takan ɗauki kamar mako 6 kafin ta koma yadda take, fatar ciki kuwa ta fi haka daɗewa, nanƙarwa ma ba ta ɓacewa gaba ɗaya. To kai da ko naƙudar awa ɗaya ba ka taɓa yi ba, da wane baki kake yi wa halittar Allah ba'a?

Kuma gorin nan ba a banza yake tafiya ba. Shi ke tura 'yan uwa mata hannun 'yan kasuwar da suka cika TikTok da tallar gyaran jiki. Wadda shayarwa ta ramar sai ta afka wa ƙwayar sha-ka-fashe, alhali kumburi take sa wa, tana jawo hawan jini da ciwon suga. Wadda ta yi duhu ta kama man bilicin, wanda hukumar NAFDAC ta ayyana a 2023 a matsayin babbar barazana ga lafiyar al'umma. Duk wannan da jariri a ƙirjinta, don dai kar a yi mata kishiya.

Shi kansa jegon da kake jefa ta ciki ba ka waiwaya, ka san abin da ake yi mata? Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya, Davidson da Parry, suka danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da ɗura kunun kanwa da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Ba muna zagin iyayenmu mata ba ne, da kyakkyawar niyya suke yi. Amma mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, asibiti take buƙata a ranar. Haka wadda ta daina barci da walwala, sai kuka ba dalili. Wa zai lura, in mijin na can gindin bishiya yana ƙirga aibin jikinta?

Aya ta 233 a Suratul Baƙara a wuyan uban jariri ta ɗora ci da tufafin mai shayarwa, ba a wuyan surukai ba. Saboda haka a kai mata nama da ƙwai da wake, a biya kuɗin magani, a raka ta awo bayan haihuwa. In yaro ya tashi da dare ka karɓe shi ta ɗan runtsa, rawaninka ba zai faɗi ba. Su kuma limamanmu da suka iya doguwar huɗuba kan biyayyar mace ga miji, muna jiran Juma'ar da za su hau mumbari su yi ta kan haƙƙin mai jego.