Karatu a Ƙetare: A Tanadi Guzuri Kafin a Kama Hanya

Babu shakka da yawa daga cikin ɗaliban da ke kwalejojin ilimi a yau suna da burin wuce matakin NCE, su yi digirin farko, daga nan su nemi na biyu ko na uku a wata ƙasa. Buri ne mai kyau. Sai dai a ra'ayina, tambayar da ya kamata ɗalibi ya fara yi wa kansa ba ita ce wace jami'a zai tafi ba. Tambayar ita ce: wa zai ɗauki nauyin karatun, kuma da kuɗin wace ƙasa?

Hanyoyin samun kuɗin karatun nan sun kasu gida uku. Ta farko ita ce aljihun ɗalibi ko na iyayensa, wato a sayar da gona ko fili a tura yaro. Wannan ita ce mafi haɗari. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da ake saya a hukumance kimanin naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Wanda ya tanadi kuɗin shekara biyu sai ya wayi gari ko shekara guda ba za su kai shi ba. A 2024 ɗin ne Jami'ar Teesside ta Ingila ta dakatar da wasu ɗaliban Nijeriya da suka kasa biyan kuɗin makaranta, har aka umurci wasunsu su bar ƙasar. Da muguwar rawa, gara ƙin tashi.

Hanya ta biyu ita ce tallafin gwamnatin gida. A nan ma ƙofa ta ƙuntata. Asusun TETFund, wanda ya daɗe yana tura malaman jami'o'i da kwalejojin ilimi ƙetare, ya dakatar da wannan ɓangare daga Janairun 2025. A shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar daina tura sababbin ɗalibai a ƙarƙashin yarjejeniyar BEA, bayan koke-koken waɗanda ke ƙasashe irin su Maroko da Rasha game da jinkirin alawus. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne: kasafi da naira ake yin sa, biya kuwa da kuɗin waje.

Hanya ta uku, wadda nake ganin ita ce mafi aminci, ita ce cikakken tallafi daga ƙasar da za a je, domin ita ke biya da kuɗinta, faɗuwar naira ba ta taɓa shi. Alal misali, tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda aka fara a 1983, yana ɗaukar nauyin digiri na biyu na shekara guda, da sharaɗin mai nema ya yi aƙalla shekara biyu yana aiki, kuma ya koma gida bayan ya gama. Akwai tallafin Commonwealth da aka kafa tun 1959, da na hukumar DAAD ta Jamus, da Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, da na gwamnatin Turkiyya. A lura, ko a Jamus inda yawancin jami'o'in gwamnati ba su karɓar kuɗin makaranta, an ɗaga abin da marar tallafi zai ajiye a banki kafin a ba shi biza zuwa yuro 11,904 a 2024. Ke nan, karatu kyauta ba zama kyauta ba ne.

Wani zai ce ai waɗannan guraben sai masu kimiyya ko masu uwa a gindin murhu. Gaskiya ne gasar tana da zafi, amma mai nazarin Hausa yana da jarin da wasu ba su da shi. Ana koyar da Hausa a Hambug da Warso da Paris da Beijin. Shirin Fulbright na Amurka ya sha ɗaukar matasan malamai su je su koyar da Hausa, ko da yake ƙa'idojin bizar ƙasar sun tsananta ga 'yan Nijeriya a 2025. Bugu da ƙari, masu koya wa kwamfuta harsunan Afirka suna buƙatar wanda ya san nahawu da tsarin sauti da karin harshe.

Saboda haka, tun ran gini ake zane. Ɗalibi ya dage ya fita da sakamako mai daraja, domin yawancin masu ba da tallafi suna neman aƙalla babbar daraja ta biyu a digirin farko. Ya gyara Ingilishinsa, ya koyi rubuta tsarin bincike, ya kyautata alaƙa da malaman da za su rubuta masa takardar shaida. Shekarun da zai yi yana koyarwa a aji su ma shaida ce a gare shi. Ya kuma guji dillalan da ke karɓar kuɗi da sunan samo gurbi, don Chevening da DAAD ba su karɓar ko kwabo daga mai nema.

Daga ƙarshe, idan cikakken tallafi bai samu ba, babu aibi a yi digiri na biyu a Kano ko Zariya ko Sakkwato, inda nazarin Hausa ya kafu, sannan a sake nema a mataki na uku. Gonar gado dai a bar ta inda take.