Jirgin ɗaukar hoto da takardar asiransi

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sa motar gidansa cikin aikin taksi ya san abin da ke biyo baya ranar da hatsari ya auku: kamfanin asiransi, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke ce wa inshora, zai buɗe takarda ya nuna masa cewa motar yawo aka yi wa asiransi, ba motar haya ba. Haka al'amarin yake a sama, sai dai a can kuɗin sun fi nauyi.

Ɗaukar hoto daga jirgi ba baƙon aiki ba ne a Nijar. Hotunan da aka ɗauka daga sama a 1975 ne masana suka gwada da na tauraron ɗan Adam na bayan 2000, suka gano itatuwa sun dawo cikin gonakin Maraɗi da Damagaram. Yau ma masu awon filaye da masu shimfiɗa hanya suna biyan kuɗi don irin wannan hoto. Jirgin da aka fi so shi ne ƙarami irin Cessna 172, da ake sayarwa tun 1956, domin fukafukansa suna bisa, ba su tare wa mai hoto ƙasa.

To, daga ranar da mai jirgi ya karɓi ko dala ɗaya saboda hoto, ya fita daga sahun masu tashi don nishaɗi. Idan takardarsa ba ta ambaci aikin ɗaukar hoto da sunansa ba, tamkar ba shi da takarda. Kamfani kuwa yana da hujja. Mai hoto yana so a sauko, a rage gudu, a yi ta kewaya wuri guda, matuƙi yana duban ƙasa maimakon gabansa. Dokar tashi ta duniya ta hana a yi ƙasa da mita 150 a daji, ko mita 300 a bisa gari, sai da izinin musamman. Wanda ya sauko ba izini ya ba kamfani ƙofar ƙin biya da hannunsa.

Asiransin kanta kashi-kashi ce. Akwai ta jikin jirgi, akwai ta ɓarnar da zai yi wa mutanen ƙasa, kuma wannan ta biyu ita ce mai rusa gida. Jirgi in ya faɗa cikin kasuwa, kuɗinsa su ne ƙaramar hasara. A Tarayyar Turai, dokar 2004 ta tilasta wa jirgi mai nauyin kilo 1000 zuwa 2700, ajin da Cessna 172 ke ciki, asiransin da ta haura miliyar 2 na sefa saboda mutanen ƙasa kaɗai. Ba dokar Nijar ba ce, amma tana nuna girman abin da ake tsoro.

Sauran tarkon yana cikin ƙananan layuka. Na'urar hoto, wadda wani lokaci kan kusanci jirgin tsada, ba ta shiga asiransin jikin jirgi sai an rubuta ta daban. Mai hoton kansa fa, fasinja ne ko ma'aikaci? Gara a tantance tun a ofis, kafin magada su je tambaya gaban alƙali. Cire ƙofa ko huda cikin jirgi don na'ura canji ne da sai hukumar jiragen sama ta amince, kamfani kuma ya sani. Takarda takan ƙayyade sa'o'in tashin da matuƙi zai mallaka, da yankunan da aka yarda a je. Yaƙi da ta'addanci da ƙwace ba su cikin asiransi ta yau da kullum, ana sayensu a gefe, abin da mai aiki kusa da iyaka bai kamata ya manta ba. Ƙurar hunturu da ke cin inji sannu-sannu kuwa, kamfani yana lissafa ta a tsufa, ba a hatsari ba.

Ina za a saye ta? Nijar tana cikin yarjejeniyar CIMA da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, wadda ta ce abin da ke cikin ƙasa a yi masa asiransi wurin kamfanin da ke da izini a ƙasar. Kamfanin gida kuma yakan miƙa mafi yawan nauyin ga manyan kasuwanni irin na Landan. Tambayar wa ke bayansa, saboda haka, ba rashin kunya ba ce.

Sai batun ƙimar jirgi. Waɗanda suka ga Janairun 1994 suna tune da daren da sefa ta rasa rabin darajarta. Kayan gyaran Cessna da dalar Amurka ake sayensu, takarda kuwa da sefa aka rubuta ta. Shi ya sa ake sake duba ƙimar da aka yarje a kai kowace shekara, tare da kason da mai jirgi zai biya daga aljihunsa kafin kamfani ya sa nasa.