Taƙaddama kan hasumiyar cocin Saint-Denis

A watan Maris na shekarar 2025 ne aka aza tubalin farko na sake gina hasumiyar cocin Saint-Denis da ke arewacin birnin Paris, inda aka binne akasarin sarakunan Faransa.

An sauke hasumiyar mai tsawon kimanin mita 86 ne tsakanin 1846 zuwa 1847, bayan da tsawa da guguwa suka raunana ta.

Sai dai a 2021 masana fiye da 100 sun yi fatali da shirin, suna cewa kwaikwayo ne kawai, kuma zai iya lalata tsofaffin kaburburan da ke ƙarƙashin ginin. Masu goyon baya kuwa na ganin aikin zai jawo masu yawon buɗe ido zuwa yankin da talauci ya yi wa katutu.

To amma tarihi ya nuna cewa cocin ba aikin zamani ɗaya ba ne.

A shekarar 775 aka buɗe wani gini a wurin. Daga wajejen 1135 shugaban masu zuhudu, Suger, ya sabunta fuskar cocin, sannan a 1144 aka buɗe ɓangaren gabas mai manyan tagogi, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin salon Gotik. An fara sake gina tsakiyarsa a 1231, aka ɗauki shekaru 50 kafin a kammala.

Bambancin shi ne magina na da sun yi gini ne da salon zamaninsu, na yanzu kuwa abin da ya ɓace suke son maidowa. Nan ne gizo ke saƙa.