Hukunci da sunan jama'a, makulli a aljihun magatakarda

Da sunan jama'ar Nijar ake yanke kowane hukunci a kotunan ƙasar nan. To, ina jama'ar take ganinsa? Ɗan kasuwar Maraɗi da ke son sanin yadda kotun ɗaukaka ƙara ta Damagaram ta raba rigimar bashi irin tasa, sai ya yi ta safa da marwa a ofishin magatakarda, a ce masa ya dawo jibi. Alhali kotun kasuwanci ta OHADA da ke Abijan, wadda Nijar ta sa hannu a yarjejeniyarta tun 1993, hukunce-hukuncenta suna intanet, ko a wayar hannu ana karanta su. Abijan ta fi Damagaram kusa ke nan!

Masu ƙin a buɗe suna fakewa da sirrin mutane. A goge sunaye mana, a bar dalilai. Dalilan ne wasu ke tsoron a gani, domin alƙalin da ya san dubu za su karanta shi, da wuya ya ba mai kuɗi gaskiya yau, ya hana talaka ita gobe a kan magana ɗaya.

Tun da an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, ma'aikatar shari'a ta wallafa su da fassara.