A bar wa teku mai yi mata tsinta

Duk wanda ya taɓa kiwon shanu ya san aikin carki, yadda yake sauka a gadon bayan saniya yana tsince kaska. Teku ma tana da mai irin wannan aiki: wani ɗan kifi siriri, mai baƙin zane daga baki har wutsiya, wanda masana ke kira Labroides dimidiatus. Ana samunsa a duwatsun murjani tun daga Bahar Maliya har gaɓar Ostireliya. Manyan kifaye kan zo inda yake, su tsaya cik, su wage baki. Sai ya shige ciki yana tsintar ƙananan ƙwari masu shan jini, ya fito lafiya, ba wanda ya haɗiye shi.

Binciken Alexandra Grutter a tsibirin Lizard na Ostireliya ya nuna cewa guda ɗaya kan cinye ƙwari kusan 1,200 a yini. A wuraren da aka kwashe masu tsintar na tsawon shekaru kuwa, sauran kifayen sun ragu, wasu ma girmansu ya tauye.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga an kamo wannan kifi daga teku an jefa a tankin gilashi don ƙawata falo ko otal. An cuci wurin da aka ɗauko shi, shi ma an cuce shi. Kifi biyar ko shida na cikin tanki ba za su ciyar da shi ba. Da yawa daga irinsa sukan rame har su mutu, kafin nan kuma sun addabi maƙwabtansu da tsunkuli.

Ga mafita a hannu. Akwai ɗan kifin gobi mai shuɗin layi, Elacatinus oceanops, ɗan asalin ruwan Fulorida, tsawonsa kamar santimita 5. Tun shekarun 1970 ake ƙyanƙyasar sa a gonakin kifi a Amurka. Yana yin tsintar, yana cin abincin gwangwani, kuma ya saba da gilashi tun daga ƙwai.

Sai dai kada mai shago ya ruɗe ka cewa kifin tsinta magani ne. Cutar farin ɗigo da ke kama kifi tana shigewa ƙarƙashin fata ne, inda bakinsa ba ya kai wa. Rigakafinta shi ne a killace sabon kifi na wasu makonni kafin a haɗa shi da sauran.

Don Allah, kafin ka biya kuɗi, tambayi mai sayarwa: a gona aka ƙyanƙyashe shi, ko daga teku aka kamo? In ya kasa amsawa, ka riƙe kuɗinka.