Mata, Mu San Mai Noma Mana Kayan Miya

'Yan'uwana mata, wai har yaushe za mu riƙa ɗura wa 'ya'yanmu abin da ba mu san asalinsa ba? Alayyahu da latas ɗin nan masu sheƙi, wasu fa da ruwan Jakara aka yi ban-ruwansu, ruwan kwata da dagwalo. Mu kuwa araha kawai muke bi!

A bara mu goma a unguwarmu muka kwaikwayi abin da matan aure a Japan suke yi tun wajajen 1970. Muka haɗa kuɗi kamar adashi, muka ba wani manomi tun kafin shuka, bisa sharaɗin takin gargajiya da ruwa mai tsabta, ban da feshin magani. Duk Juma'a ya kawo tumatir, yakuwa da kuɓewa, mu raba.

Wata ta ce da ni, "In gonar ba ta yi ba fa?" Asarar tamu ce duka, ban ɓoye mata ba. Amma anko nawa muka ɗinka, sawa ɗaya muka jefa ƙasan akwati? Haba mata! Kuɗin asibiti ya fi na cefane ciwo.

Allah Ya ganar da mu, amin.