Sunan Maƙeri Ba Ya Shan Taba

Ya ku 'yan makaranta, akwai wata gardama da ta daɗe tsakanin mashaya lofe na ƙasashen Turai, mun ga ya kamata mu kawo muku ita. Ba don ku koyi shan taba ba, Allah ya kiyaye, sai don ku ga yadda suna ya ke rufe wa mai hankali ido.

Waɗansu sun ce lofen Dunhill na London ya fi kowane daɗin hayaƙi. Waɗansu suka ce a'a, sai na Peterson na Dublin, ko na Savinelli na Italiya. Waɗansu kuwa suka ce duk kanwar ja ce, itace dai itace ne. To, mu dai mun ce kowanensu ya kama gaskiya ta wutsiya, ya saki kanta.

Ku fara sanin abin da a ke sassaƙa lofen da shi. Wani tsiro ne da masana ke kira Erica arborea, ya na fitowa a ƙasashen gaɓar Bahar Rum, kamar Kosika, da Italiya, da Girka, da Aljeriya. Gindinsa ya kan yi ƙullutu mai tauri a ƙarƙashin ƙasa, wanda ba ya saurin cin wuta. A kan haƙo shi, a yayyanka, a dafa cikin ruwa sa'o'i da yawa don a fitar da ruwan ɗacinsa, sa'an nan a shanya watanni. A garin Saint-Claude na Faransa sana'ar nan ta kafu wajen 1850, daga can kuma Henri Comoy ya kai ta London a 1879. Kun ga ashe uwa ɗaya ta haife su, sunaye ne su ka rarrabu.

Masu cewa babu bambanci sun yi kuskure, gama akwai shi, ana kuwa iya gwada shi. In ba a dafa itacen sosai ba, hayaƙi ya yi ɗaci. In ramin da hayaƙi ke bi ya yi ƙunci, ko ya kauce wa gindin kwandon, sai zuƙa ta yi wuya, ruwa ya taru, lofe ya riƙa ƙugi. In bangon kwandon ya yi siriri, ya ƙona hannu. Peterson ya huda wani ɗan rami na tara danshi tun wajen 1890, Savinelli kuma ya na sa ɗan guntun itacen balsa a cikin mariƙi don ya tsotse ruwa. Duk wannan aikin hannu ne, ba asiri ba.

Amma masu rantsuwa da suna sun fi su ɓata. Lofe biyu daga hannun maƙeri ɗaya, rana ɗaya, su kan sha bamban, domin ƙullutu biyu ba sa zama daidai. Ku dubi farin ɗigon nan da Dunhill ya fara sa wa lofensa a 1912. An sa shi ne don mai lofe ya san gefen mariƙin da ke sama. Yau ga mutane na zuba dukiya saboda ɗigon, su na cewa sun ji daɗinsa a harshe! Mu dai shawararmu ita ce, a ɗaure wa mai wannan cika baki ido, a miƙa masa lofe uku masu girma ɗaya da taba iri ɗaya, ya faɗi na wane ne. In ya ƙi gwaji, to, ramin ƙarya ƙurarre ne.

Saura babbar magana, wadda duk ɓangarorin su ka yi shiru a kanta. A 1950 masana biyu na Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, su ka nuna dangantakar shan taba da ciwon daji na huhu. A 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya tabbatar da haka. Mai lofe bai tsira ba, gama cutar ta kan kama leɓe, da harshe, da maƙogwaro. Ramin Peterson da balsan Savinelli danshi su ke kamawa, ba su mai da hayaƙi lafiyayye. Lofe mai sanyin hayaƙi kyan ɗan maciji ne, tun da sanyin nan shi ke sa mutum ya ƙara zuƙa.

Saboda haka, samari, ku ɗauki darasi biyu. Na fari, duk abin da a ka yaba muku, alƙalami ne ko littafi ko mutum, ku tambayi aikinsa kafin sunansa. Na biyu, in kun ga manya na gardamar wace tukunya ta fi iya dafa guba, kada ku tsaya raba su. Ku kama hanyarku, rigakafi ya fi magani.